Babban Akawu ya iso shafi na tara: inda aka kwana a littafin zanen barkwancina

'Yan uwa masu koyon zane, ga inda aiki ya tsaya. Littafin shafi 24 ne, fensir ya kai shafi na 16, tawada tana na 11, kuma mugun da ke cikin labarin ya samu suna da fuska. Sunansa Babban Akawu. Daga can ƙarshen sararin samaniya ya taso, ba ya cin duniyoyi, ba ya neman sarauta, ba ya ko ɗaga murya. Abin da yake so kawai shi ne kowane abu ya zauna a inda aka rubuta masa, kowa kuma ya sa hannu a rajista kafin ƙarfe takwas.

Ga waɗanda ba su ga shafukan farko ba: labarin yana faruwa ne a Birnin Sai-an-jima, garin da na ƙirƙira don in yi wa jaruman littattafan zanen Amurka shaguɓe. Akwai Kyaftin Gobe, mai ƙarfin ɗaga gada da hannu ɗaya, amma duk abin da aka roƙe shi sai ya ce a bari sai gobe. Akwai Ɗan Walƙiya, wanda ya fi kowa gudu a duniya kuma bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Sai Hajiya Guguwa, takan kori ɓarayi daga unguwa, ta haɗa da rufin gidajen unguwar. Mutane irin waɗannan ba dodo mai ƙaho ne zai firgita su ba. Mai biro da fayil ne maganinsu.

Daga ina irinsa suka fito

Shaguɓe ba ya yiwuwa sai ka san abin da kake yi wa, don haka na zauna na duba yadda manyan gidajen buga littattafan zane na Amurka suka gina miyagunsu na sararin samaniya. A 1966 marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby na kamfanin Marvel suka fito da Galactus, ƙato mai cinye duniyoyi, kuma abin da ya bambanta shi da miyagun da suka gabace shi shi ne ba ya ƙin kowa. Yunwa yake ji, mu kuwa abinci ne. Wannan rashin ƙiyayya na ɗauka. A 1977 Jim Starlin ya ƙirƙiri Master Order da Lord Chaos, ɗaya yana tsaye a madadin tsari, ɗaya a madadin hargitsi, aka zana su kawuna biyu suna shawagi a sarari ba gangar jiki. A ganina nan ne rauninsu. Kai mai shawagi yana jawabi ba ya ba mai karatu tsoro, ba ya kuma ba shi dariya, domin ba ya taɓa komai da hannu. Wanda ya fi kusa da abin da nake nema shi ne hukumar kula da lokaci ta TVA, wadda ta fara bayyana a littattafan Marvel a 1986: ofis marar iyaka, cike da tebura, manyan ma'aikatansa kuma an ba su fuskar Mark Gruenwald, editan Marvel da ya yi suna wajen bin diddigin kada wani labari ya saɓa wa wani. Tsokanar abokin aiki ce, amma ta kama.

Darasi na biyu daga 1953 ya zo, lokacin da Harvey Kurtzman da Wally Wood suka yi wa Superman ba'a a mujallar MAD. Wood bai zana shi da wasa ba. Tsokar jiki, inuwa, gine-gine, duk ya yi su da ƙwarewar da ta kai ta waɗanda ake yi wa ba'ar. Abin dariyar yana cikin halin mutanen, hannun mai zane kuwa da gaske yake. Mu masu koyo mukan ɗauka barkwanci izini ne na yin zanen gaggawa, alhali shi ne ya fi neman tsafta.

Abu guda na yanke tun da wuri. A littattafan Amurka irin waɗannan halittu ana ba su matsayin da ya kusa na abin bauta, ni kuwa ba na son wannan a littafina, masu karatuna ma ba za su so ba. Babban Akawu inji ne. Wasu mutane a wata duniya mai nisa suka ƙera shi ya tsara musu ma'ajiyar takardu, ya gama, bai samu takardar da ta ce ya tsaya ba, sai ya ci gaba: ya tsara garin, ya tsara ƙasar, ya tsara duniyar, ya fita waje. Ma'aikaci ne da ba a sallama ba. Wannan ya fi ban dariya, ya kuma ba ni ƙofar da zan kayar da shi a ƙarshe.

Siffarsa

Kansa agogon buga kati ne, irin wanda ma'aikatan masana'anta ke zura kati ya buga musu lokacin isowa. Wani maƙerin kayan ado mai suna Willard Bundy ne ya ƙirƙiro agogon ɗaukar lokacin ma'aikata a garin Auburn na jihar New York a 1888, kuma kamfanin da ya tsiro daga wannan sana'a yana cikin waɗanda suka haɗu suka zama kamfanin kwamfuta na IBM daga baya. Tsofaffin agogunan akwatin katako ne mai tsayi, fuskar agogo a sama, ramin kati a ƙasa. Da na dubi hotunansu sai na ga fuska a shirye: agogon shi ne ido, ido ɗaya tak, ramin katin kuma baki. Ba ya murmushi, ba ya ɓata rai. Idan ransa ya ɓaci, hannun daƙiƙa ne ke tsayawa. Dabara ce mai sauƙin zane, kuma mai karatu yana kama ta tun karo na biyu.

Jikinsa kabad ɗin fayil ne mai aljihuna har ƙasa, hannun dama hatimi, hagu kuma biro. Na gwada shi da gwajin inuwa, wato a cike siffar da baƙi gaba ɗaya a ga ko za a gane ta daga nesa. Murabba'i ne dogo da da'ira a kai, babu lanƙwasa ko ɗaya sai ta agogon. Jarumaina duk da layuka masu lanƙwasa na gina su, tumbi, alkyabba, ɗankwali mai tashi, saboda haka ko a ƙaramin akwati ya tsaya tare da su ido yana gane baƙo ne.

Muryarsa kuma daga Frederick Taylor na aro halinta, injiniyan Amurka da ya riƙa tsayawa a kan leburori da agogon auna daƙiƙa yana ƙidaya motsinsu. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin yadda ya sa mai dakon ƙarfe a kamfanin Bethlehem ya tashi daga loda tan 12 da rabi a rana zuwa tan 47, aka ƙara masa lada daga dala 1.15 zuwa 1.85. Ku duba lissafin: aiki ya kusa ninkuwa huɗu, kuɗi bai ko ninku biyu ba, mutumin kuma yana ba da labarin da alfahari, yana ganin alheri ya yi. Haka nake son Babban Akawu ya yi magana. Cikin ladabi, da cikakken yaƙinin cewa taimako ya zo yi.

Laifin da duniyarmu ta yi masa

Wannan ne ɓangaren da na fi jin daɗin rubutawa, domin ban ƙirƙiri komai ba, ilimin taurari ne ya ba ni. A shafi na 10 yana karanta takardar tuhumar da ya kawo wa duniya. Laifi na farko, shekararta kwana 365 ne da kusan rubu'in kwana, wato ba ta cika lissafi, har sai an riƙa cusa kwana guda a Fabrairu don a rufa mata asiri. Yana son a mayar da ita 360 cif. Laifi na biyu, a karkace take tafiya, da digiri 23 da 'yan kai, kuma ya zo ya miƙe ta. A gefen shafin akwai fayilolin da ya riga ya rufe: Pluto, an rage mata muƙami a 2006; Uranus, wadda ke kwance a gefenta da kusan digiri 98, an dakatar da ita har sai an gama bincike; tauraruwa mai wutsiya ta Halley, da ta zo a 1986 ake kuma sa ran ta a 2061, an ba ta gargaɗi saboda tazarar zuwanta ba ta tsayawa a kan adadi ɗaya.

Jarumai suna dariya har sai da wani manomi a cikin taron ya tambayi abin da zai faru idan aka miƙe duniyar. Karkatar nan ita ce ke kawo sauyin yanayi a shekara. Ita ke sa rana ta hau arewa ta jawo ruwan damina, ta koma kudu hunturu ya shigo. Idan aka miƙe ta, kowace rana za ta zama irin jiya, ruwa ya tsaya a inda yake, wanda ke jiran damina a arewa ya yi ta jira. Babban Akawu ya amsa da cewa hakan zai sauƙaƙa tsara jadawali. Akwatin da ke biye babu magana a cikinsa, fuskokin mutane ne kawai. Mugu a labarin barkwanci yana bukatar wuri ɗaya da dariya za ta ɗauke, in ba haka ba babu dalilin da mai karatu zai juya shafi.

Yadda ya ƙwace shafin

Ga abin da nake son mu tattauna sosai, don shi ne ƙashin bayan aikin. Mugun da ke wakiltar tsari bai kamata a tsaya ga zana shi a cikin akwati ba. Shi ya kamata ya zana akwatin.

Daga shafi na 1 zuwa na 8 ban taɓa rula ba. Iyakokin akwatuna da hannu na ja su, wasu sun karkace, wasu sun hau kan wasu, ƙafar Ɗan Walƙiya tana fita daga wannan ta faɗa wancan, guguwar Hajiya tana kwashe kumfar magana ta kai ta gefen takarda. A shafi na 9, daidai inda hatiminsa ya fara sauka, shafin ya koma akwati tara, uku a jere sau uku, duk girmansu ɗaya. Tsohon tsari ne, Steve Ditko ya yi aiki da shi sosai, Dave Gibbons kuma ya gina littafi sukutum a kansa a 1986. Su sun yi amfani da shi don daidaita bugun labari, ni kuwa kurkuku nake so ya zama.

Ga ma'aunin ga mai son gwadawa. A takardar A3, wadda take santimita 29.7 da 42, na ware filin aiki na santimita 25 a faɗi da 37 a tsayi. Lungun da ke tsakanin akwatuna rabin santimita ne. Idan ka cire lunguna biyu ta kowane ɓangare, kowane akwati zai fito santimita 8 da 12 daidai, ba saura. Ku yanke wannan a kwali mai kauri sau ɗaya, ku riƙa ɗora shi kuna bin gefensa, ya fi auna kowane shafi da rula sauri, kuma ba ya kuskure.

Daga nan abin yana ƙara matsewa. Jaruman ba sa iya fita daga akwati kuma. A shafi na 12 Kyaftin Gobe ya kai naushi, hannunsa ya daki iyakar akwatin ya lanƙwashe. Ɗan Walƙiya yana gudu, amma kowane akwati taku ɗaya kawai yake ba shi, don haka gudunsa ya zama tafiyar layi. Alkyabbar Hajiya an naɗe ta an sa mata lamba. A shafi na 15, lokacin da garin duka ya koma ofis, akwatuna sun zama 36, shida sau shida, kowanne santimita 3.75 da 5.75, shafin ya koma kamar kiret ɗin ƙwai, kowane rami da mutum ɗaya a bakin tebur yana buga hatimi. Hoto ɗaya ne ake maimaitawa, sai dai a akwati na 29 wani yaro yana leƙen taga. Wanda ya lura ya lura.

Akwai tsadar da wannan dabara take da ita, kuma gara ku sani kafin ku kwaikwaya. Yawancin masu karatunmu a waya za su gani, shafi mai akwati 36 kuwa a fuskar waya ƙura ne. Na bar shi haka da gangan a wannan shafi ɗaya, tun da ba a bukatar karanta kowane akwati, yawan ne saƙon. Amma sauran shafukan masu tara dole kowane akwati ya iya tsayawa shi kaɗai idan aka yanka su aka jera daga sama zuwa ƙasa. Wannan ya hana ni barin magana ta tsallaka daga akwati zuwa akwati, wanda dama dokar Babban Akawu ce. Mugun ya taimaka mini a nan.

Ofishinsa da ke shafi na 13 shi ne kawai hoto mai cin shafi guda a wannan ɓangare. Ɗigo ɗaya na sa a tsakiyar takarda, duk layukan tebura da fitilu da kabad suna tafiya su haɗu a kansa, shi kuma yana zaune daidai kan ɗigon. Zurfin hoto mai ɗigo ɗaya shi ne na farko da ake koya wa ɗalibi, har wasu na raina shi, amma babu abin da ya kai shi nuna wurin da ba shi da ƙarshe kuma ba shi da mafita.

Tawada da haruffa

Salon zane biyu nake amfani da su. Jarumai da mutanen gari da buroshi, layi yana kauri yana sirancewa yadda ya ga dama. Babban Akawu da duk abin da ya taɓa, da alƙalamin zane mai bakin milimita 0.5 da rula, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ya buga wa mutum hatimi, daga akwati na gaba shi ma mutumin da alƙalami nake zana shi. Tun da A3 za a rage zuwa A5 wajen bugawa, wato rabi, duk layin da ya gaza 0.3 zai iya ɓacewa, don haka masu baki 0.1 na ajiye su gefe.

Sararin samaniya kuma, kafin zuwansa, da tsohon buroshin haƙori nake fesa farin fenti a kan baƙi, taurari su watsu ko'ina, in ƙara da tarin baƙaƙen ɗigogin nan da aka san Kirby da su wajen nuna ƙarfi yana tartsatsi. Bayan ya wuce, taurarin suna jere a layi, tazara ɗaya, kowace da lambarta. Wannan da kan alƙalami ake ɗiga shi ɗaya bayan ɗaya, kuma aiki ne mai cin rai. Ku sa rediyo.

Maganar jarumai da hannu nake rubuta ta, tsayin harafi rabin santimita a A3 don ya karantu bayan an rage. Tasa kuwa a kwamfuta, da salon haruffan tafireta, a cikin kumfa mai kusurwa huɗu. A nan ne matsalar da duk mai rubuta Hausa ya sani take jira: yawancin salon haruffan da aka yi don littattafan zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka buga ka ga murabba'i fanko ko harafin wani salo ya faɗo a tsakiyar kalma. Kafin ku zaɓi salo, ku buga “ƙaiƙayi, ɗanɗano, ɓarɓashi” da ƙanana da manyan haruffa ku gani. Idan babu, ana iya buga k da d da b a ƙara ƙugiyar da hannu a manhajar zane irin Krita ko ibisPaint, amma ga mai yawan surutu irin Babban Akawu gara a nemi salon da ya zo da su. Kada a bar ƙugiyar. Mugun da ya zo gyara karkatar duniya ba zai rubuta ƙasa babu ƙugiya ba.

Wajen ɗaukar hoton shafi, layin baƙi da fari yana son a saita sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, ba 300 ba, musamman layukan rula, waɗanda ke nuna kowane tsani-tsani idan aka rage ingancin. Yawancin shagunan kwamfuta na A4 gare su, sai a ɗauki shafin kashi-kashi a haɗa. Lungun da ke tsakanin jeri na akwatuna wuri ne mai kyau na ɗinki.

Yadda za a kayar da shi

Nan nake yanzu, a rubuce ba a zane ba. Naushi ba zai yi ba, an riga an nuna. Wani abokin zane ya ba ni shawarar in shigo da Gizo ya yaudare shi, kuma na gane dalilinsa, don a tatsuniya babu mai karya doka irinsa. Na ƙi. Idan wayo da ha'inci suka ci tsari, littafin ya ce lalaci ya fi aiki ke nan, ni kuwa ban yarda da haka ba. Babban Akawu yana da gaskiya a wurare da yawa. A ƙarƙashinsa ne aka fara kwashe shara a Birnin Sai-an-jima, gadar da Kyaftin Gobe ya yi shekaru yana cewa gobe ta gyaru, albashi ya fito ran da aka ce. Na zana waɗannan a fili a shafi na 14, har da wata tsohuwa da ke sa masa albarka. Aibinsa shi ne bai san wurin tsayawa ba, bai kuma san dalilin da ya sa ake aikin ba.

Wanda zai kayar da shi tsohon masinja ne da ya yi ritaya, Baba Na-ofis, wanda tun shafi na 3 yake zaune a benci a bayan fage da fayil a hammata ba wanda ya kula shi. Shi kaɗai ne a garin ya karanta littafin dokokin Babban Akawu daga bango zuwa bango, domin zaman jira ya koya masa karanta duk takardar da aka liƙa. A ciki ya samu sashen da ya ce wajibi ne kowane ma'aikaci ya tafi hutun shekara. Babban Akawu bai taɓa tafiya ba tun da aka kunna shi. Baba ya cike masa fom, kwafi uku, ya lissafa hutun da ya taru, ya miƙa masa da hannu biyu yana cewa, “Ranka ya daɗe, a sa hannu a nan.” Ba shi da yadda zai yi. Dokarsa ce, hatiminsa ne kuma zai buga.

Abin da ban gama yankewa ba shi ne siffar shafukan ƙarshe. Ba na son su koma hargitsin farko kamar ba a yi komai ba. Tunanina a yanzu shi ne iyakokin akwatuna su koma na hannu, amma jerin uku-uku ya zauna, Ɗan Walƙiya kuma ya iso wuri a makare da minti biyar maimakon awa biyar. Shafi na 17 zuwa na 20 su ne na Baba da littafin dokoki, kuma mutum yana karatu a benci ba abin kallo ba ne, don haka sai na nemo abin da zai riƙa faruwa a bayansa. Ina gwada jaruman uku a layin karɓar katin shaida, layin yana matsawa taku ɗaya a kowane akwati, Hajiya Guguwa tana riƙe da lamba 4,000,212. Wanda ya taɓa zana dogon zama irin wannan ba tare da shafin ya mutu ba, ina son in ga yadda ya raba akwatunansa kafin in sa fensir.